Shafin Ƙarfe Biyun Dare

 

Duk mai bibiyar littattafan da ake saki a WhatsApp da Facebook da Wattpad, ya daure ya riƙa duba agogon da ke jikin saƙon kafin ya faɗa cikin labari. Zai ga sha biyu da rabi na dare, ɗaya da kwata, biyu saura. Sannan ya karanta 'yan layukan da marubuciya take ɗorawa a saman shafin: a yi haƙuri da wannan babu yawa, yaro ne ba lafiya. A yi haƙuri jiya ba a ji ni ba, baƙi muka yi. Kaina ke ciwo amma na lallaɓa na yi muku saboda alƙawari. Irin wannan ban-haƙuri ya yi yawa har ya zama kamar sallama, ido yana tsallake shi. Makaranta su ce Allah ya ƙara lafiya, a layi na gaba su tambayi yaushe za a ci gaba.

A kan wannan shafi na ƙarfe biyun dare muke son mu tattauna yau. Mun daɗe muna ganin abin da yake ci a jikin masu yin sa da gidajensu, kuma abin da ya fi ba mu takaici, muna ganin abin da yake ci a jikin rubutun kansa.

Mu fara da lissafi. Matsakaicin shafin da makaranta za su ce an yi musu adalci yana kai kalma 1,500 zuwa 2,000. A waya ake buga shi, da manyan yatsu biyu, ana tunanin labari ana kuma faɗa da madannin da ke mayar da kalmar Hausa ta Turanci ba tare da an sa shi ba. Duk saurin mutum sai ya ci awa biyu ko uku. Wadda ta yi alƙawarin shafi kullum, ta ɗaukar wa kanta kalma 45,000 zuwa 60,000 ke nan a wata guda. To a ina za ta samo lokacin? Ta tashi biyar na asuba. Salla, ruwan wankan yara, koko ko shayi, neman takalmin makaranta da kullum ƙafa ɗaya ke ɓata. In malama ce ko ma'aikaciyar jinya ta fita aiki, in mai sana'ar gida ce ta hau keken ɗinki ko ta shiga amsa masu tambayar kuɗin atamfa da turaren wuta. Abincin rana, shirin Islamiyya da la'asar, tuwon dare, aikin gidan da aka ba yara a makaranta, hidimar maigida. Wani daren sai sha ɗaya za a kawo wuta, a tashi guga da cajin waya da tara ruwa. Babu wani gurbi a wannan jeri da aka ware wa rubutu. Daga barci ake yankowa, domin shi kaɗai ne ba ya kuka in an taɓa shi.

A 1997 wasu masu bincike a Ostareliya sun gwada yadda hankali da hannun mutum ke aiki bayan ya daɗe ido biyu. Suka gano cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, aikinsa yana raguwa daidai da na wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, ma'aunin da a ƙasar tasu doka ke hana mutum tuƙi in ya kai. Yanzu a ƙirga awa 17 daga biyar na asuba. Goma na dare ke nan, daidai lokacin da yara suka kwanta, gida ya yi tsit, marubuciyarmu ta jawo waya za ta fara taifin. Da wannan kan ake rubuta mafi yawan abin da muke karantawa.

Gajiyayyen kai ba ya ƙirƙira, abin da ya fi kusa da hannu yake ɗaukowa. Abin da ya fi kusa kuwa shi ne wanda muka karanta sau ɗari: ɗan mai kuɗi miskili da ba ya dariya, 'yar talaka mai tsiwa, auren haɗi, kishiya mai bin boka, hatsarin mota da zai sa jarumi ya manta kowa. In labari ya tsaya cik kuma dole a cika shafi, sai a tura jaruma wanka. Ta fito ta shafa mai, ta zauna gaban madubi, a lissafa mana launin leshi da sunan turare, a sauko falo a jera kuloli a faɗi abin da ke cikin kowacce. Kalma ɗari bakwai sun tafi, labari bai motsa ko taku ɗaya ba. Sannan ga mantuwa. Ƙanwar da aka kira Hafsat a shafi na 12 ta koma Hauwa a na 40. Kakar da muka yi wa zaman makoki ta fito tana rabon goro a wurin biki. Mun taɓa bin wani labari da in aka bi watannin da marubuciyar ta ambata, cikin jarumar ya haura wata goma sha huɗu kafin ta haihu. Makaranta suna dariya, suna ɗaukar hoton wurin suna turawa juna.

Masu nazari sukan ce marubutan intanet ba su da zurfi, ba sa bincike, labarinsu ɗaya ne ake sauya wa suna. Akwai gaskiya a ciki, amma mu da muke zama da waɗannan marubuta a taron ƙungiya mun ga wani abu da masu sukar ba su gani ba. Tun da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016, duk shekara 'yan'uwanmu mata suna kawo gajerun labaransu a duba musu kafin su tura. Ƙa'idar gasar kalma 1,000 zuwa 1,500 ce, wato ƙasa da shafi guda na dare ɗaya. Amma sai mace ta yi sati uku tana juya shi, ta ajiye, ta kwana, ta dawo ta soke rabi. Ka karanta ka rasa bakin magana, ka duba suna ka ga ai ita ce mai cikin wata goma sha huɗun nan. Hannu ɗaya ne ya rubuta duka biyun. Ra'ayinmu shi ne kaso mai yawa na abin da ake kira ƙarancin basira a rubutunmu, ƙarancin barci ne.

Abin da ya sa maganar take da wuyar shiga kunne shi ne mai bashin barci ba ya jin nauyin bashin. A 2003 aka wallafa wani bincike na Jami'ar Fensilbeniya da ke Amurka, inda aka raba mutane rukuni-rukuni, wasu suna kwanciyar awa takwas, wasu shida, wasu huɗu, har tsawon kwana 14, ana gwada hankalinsu kullum. Zuwa ƙarshe, masu awa shida sun koma kamar wanda ya kwana guda cur bai runtsa ba, masu awa huɗu kuwa kamar wanda ya yi kwana biyu. Da aka tambaye su yadda suke ji, sai suka ce ɗan barci-barci ne kawai, ba wani abu ba. Wannan ita ce amsar duk wanda zai ce mana shi ya saba, awa huɗu ta ishe shi. Sabo da jin gajiya daban, dawowar kaifin ƙwaƙwalwa daban. Likitocin barci sun tsaya a kan cewa baligi yana buƙatar aƙalla awa bakwai a dare.

Akwai kuma wani gwaji da aka yi a Jami'ar Lubek ta Jamus, aka wallafa a 2004, wanda ya fi shafar sana'armu kai tsaye. An ba mutane wani aikin lissafi mai tsawo da ke da ɓoyayyiyar gajeriyar hanya, ba a gaya musu akwai ta ba. Bayan sun ɗan gwada, aka bar wasu suka yi barcin awa takwas, wasu suka zauna ido biyu. Da aka dawo, kusan shida cikin goma na waɗanda suka yi barci sun gano hanyar, a cikin sauran kuwa ko kashi ɗaya cikin huɗu ba su kai ba. Kowane marubuci ya san wannan a jikinsa. Ka kwanta da ƙullin labari ya ƙi warwaruwa, ka rasa yadda za a yi jaruma ta gano asirin, da safe kana wanke baki ko kina tankaɗe sai mafita ta faɗo kamar an raɗa. Mai waina ta riga mu sanin haka. Ƙullu sai ya kwana yake tashi, in aka soya shi a daren da aka markaɗa, za a ci dai, amma ba za a dawo gobe ba.

Wannan al'ada ta shafi kullum ba da ita aka haifi rubutun Hausa ba. A zamanin da adabin kasuwar Kano yake tashe, lokacin su Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, da Balaraba Ramat Yakubu da Alhaki Kuykuyo Ne, a littafin makaranta ake rubuta labari da biro, a kai wa mai buga tafireta, a kai maɗaba'a. Kashi na ɗaya ya fita kasuwa, sau da yawa sai kuɗinsa sun dawo ake buga na biyu. Makaranta su yi watanni suna leƙa shagon mai sayarwa ko mai ba da haya suna tambaya. Ba su gudu ba. Jinkirin na dole ne, rashin jari ya kawo shi, amma ya ba labari damar kwana a kan mai shi. In muka ƙara komawa baya, Abubakar Imam bai rubuta Magana Jari Ce da tsakar dare bayan ya gama duba takardun ɗalibai ba. A 1936 ɗauke shi aka yi daga aikin koyarwa a Katsina aka kai shi Zariya na wata shida, aikinsa ke nan safe da yamma. Waɗanda suka sa shi aikin sun san littafi yana son lokacinsa na kansa. Mu babu mai ɗauke mana aiki na wata shida, gaskiya ne. Amma ya kamata mu daina auna kanmu da littafin da aka rubuta cikin natsuwa alhali muna rubuta namu da ido ɗaya a rufe.

Ko a yau ma, masu kallon Labarina da Kwana Casa'in sau ɗaya a mako suke samun ci gaba, in zango ya ƙare kuma a tafi hutu na watanni. Suna ƙorafi, suna jira, ranar da aka dawo suna nan. Su ne dai mutanen da ke cikin guruf-guruf ɗinmu suna cewa in ba a saki shafi yau ba za su fita.

Mun san amsar da wasu za su bayar, kuma amsa ce mai nauyi: kuɗi. Littafin kuɗi ne, mutane sun tura ɗari biyar ko dubu, marubuciya tana jin kanta kamar mai riƙe da bashi. Da wannan kuɗi wata take sayen data da sabulu da audugar jariri, wata ma kuɗin makarantar yara take cikawa. Ba za mu ce wa irin wannan ta ajiye rubutu ta huta ba, wannan maganar wanda ya ƙoshi ce. Abin da za mu ce shi ne a duba yadda ake ƙulla cinikin tun farko. Wadda ta buɗe guruf ɗin kuɗi da shafi uku a hannu, ta sayar da abin da ba ta mallaka ba tukuna, kuma daga ranar duk zazzaɓin yaro da rasuwa a dangi da lalacewar waya sun zama saɓa alƙawari. Wadda ta jira sai da ta tara shafi ashirin ko talatin kafin ta yi talla, ta kuma faɗa tun ranar farko cewa Litinin da Laraba da Asabar ne ranakun saki, kuɗin da za a biya ta ɗaya ne. Bambancin shi ne ita tana da inda za ta jingina ranar da jiki ya ƙi.

Yanzu mu shiga cikin gida, inda maganar ta fi zafi. Yaro ba ya gane alƙawarin makaranta. Abin da ya sani shi ne ya zo da zanen da ya yi ko da ƙorafin an ƙwace masa biskit, an daka masa tsawa ba a ko ɗago kai ba. Uwar ba muguwa ba ce, jimla ce take riƙe da ita a ka tana tsoron ta kuɓuce, ga barcin awa huɗu. Rashin barci yana rage haƙuri kafin ya rage komai, kuma wanda ya fi kowa rauni a gidan shi yake karɓar sakamakon. Wata 'yar ƙungiyarmu, uwar yara uku, ta taɓa ba mu labari a wurin taro cewa 'yarta mai shekara biyar ta ɗauke wayarta ta tura ƙarƙashin buhun shinkafa, aka wuni ana nema. Da aka gano aka tambaye ta dalili, sai ta ce so take Mama ta yi mata tatsuniya. Aka yi dariya a wurin, ita mai ba da labarin ba ta yi ba. Ta ce tana ba dubban mutanen da ba ta taɓa gani ba labari kullum, ta cikin ɗakinta kuwa sai da ta yi sata kafin ta samu. Ba a yi wata shida ba jininta ya hau, likita ya ce ta rage kallon waya da dare, ta bar littafin a shafi na sittin da wani abu. Har yau ba ta koma ba. Irinta suna da yawa. A tuna sunayen da suka cika ko'ina shekara huɗu ko biyar da suka wuce, a duba nawa ne suke rubutu yanzu. Wasu aure ne ko karatu ya ɗauke su, wasu kuwa ƙonewa suka yi.

Iyayenmu sun san jikin mace yana da iyaka. Mai jego tana da kwana arba'in, haihuwar fari ma gida ake tafiya da ita wanka. A samu kaka ko gwaggo ta tare, ta karɓi girki da wanki da rainon jariri, ita mai jego aikinta ci da shayarwa da barci. Likitoci suna da ƙorafi a kan ruwa mai tsananin zafi da yawan kunun kanwa, tun binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970 kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, kuma ƙorafinsu abin saurare ne. Amma asalin hikimar, a ɗauke wa mace aiki ta huta, babu likitan da ya soke ta. Yau sai mu ga sanarwa: alhamdu lillahi na sauka lafiya, bayan suna za mu ɗora. Kwana bakwai ke nan. Gwaggo ta hana ta ɗaukar tsintsiya, amma ba ta san wayar da ke ƙarƙashin filo ita ma aiki ce ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana fuskantar matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, mafi yawa ciwon damuwa. Wadda ta ga ta haura sati biyu tana kuka ba dalili, komai ya fita daga ranta har jaririn, ko barcin ya ƙi zuwa ko da an samu sarari, ta gaya wa wani nata ta je asibiti. Ciwo ne mai magani, ba raunin imani ba ne, kuma shafi ba zai warkar da shi ba.

Maza, ba mu manta da mu ba. Akwai abin da ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya. Uba in ya zauna da kwamfuta ko waya, za a ji ana cewa ku yi shiru Baba yana aiki. Uwa in ta zauna da tata, danne-danne take yi. Namijin da matarsa ke rubutu, babbar kyautar da zai yi mata ba sabuwar waya ba ce, ya kwashi yaran ranar Asabar da safe ya kai su gidan kakarsu ko filin ƙwallo na awa biyu. Awa biyu da rana da wartsakakken kai sun fi huɗu na tsakar dare. Shi kuma uban da yake rubutu, yawanci aiki biyu yake haɗawa, koyarwa da safe, shago ko adaidaita da yamma, majalisa bayan isha'i, sannan rubutu. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya nuna cewa masu aikin awa 55 ko fiye a mako sun fi masu awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, kuma doguwar ranar aiki ta yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a 2016 kaɗai. Wannan lissafin aikin neman kuɗi ne, bai ƙirga girki da goyo ba. Wanda ya kai biyun dare yana taifin sannan ya ɗauki fasinja da safe, ya sake karanta maganar awa 17 ɗin can. Shayi mai kauri da goro da lemon ƙara kuzari ba sa biyan bashin, ɗage shi suke yi. Sinadarin kafin da ke cikinsu yakan ɗauki wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jini, don haka kofin ƙarfe tara yana nan yana aiki lokacin da aka so kwanciya.

A tarurrukan ƙarfafa gwiwa ana yawan kawo mana Toni Morrison, Ba'amurkiyar da ta ci kyautar Nobel a 1993, wadda ta riƙa rubutu kafin gari ya waye saboda tana da yara biyu ƙanana ga aikin edita. Ana kawo Buchi Emecheta, 'yar Najeriyar da ta riƙe yara biyar ita kaɗai a Landan tana aiki tana karatu tana rubutu da sassafe. Labaran gaskiya ne, kuma suna da amfani ga wanda yake cewa yara sun hana shi. Sai dai a lura, asuba suka zaɓa, lokacin da kai ya kwana ya huta. Kuma babu ɗaya a cikinsu da take da mutum dubu a aljihu suna jiran babi kafin wayewar gari. Morrison ta yi shekaru tana aikin littafinta na farko kafin ya fita a 1970, ɗan siriri ne kuma. Wanda zai yi koyi da tashin asubarsu, sai ya haɗa da kwanciya da wuri. Ba a haɗa biyun dare da huɗun asuba a jiki ɗaya.

In aka ce kula da kai, wasu suna ɗauka ana nufin dilka da halawa da tafiya Dubai, sai su ce wannan na matan manya ne. Abin da muke nufi ya fi haka araha. Yatsan da yake yi miki zugi daga gindinsa zuwa wuyan hannu, jijiyar wurin ce ta kumbura, kuma likitoci sun san ciwon a wurin masu yawan ɗaga jariri da masu yawan danna waya, marubuciya mai goyo ta haɗa duka biyu. A huta masa, in ya ƙi a nuna shi. Idon da ke yaji, masana ido suna ba da shawarar duk minti 20 a ɗauke kai a kalli wani abu mai nisa na daƙiƙa 20. A ci abinci a zaune a kan lokaci, ba ragowar kwanon yara a tsaye ba. A auna jini ko a kemis ne, domin rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce baligi ɗaya cikin uku a duniya yana da hawan jini, kusan rabinsu ba su sani ba. Ciwon kan da ake kora da farasitamol kullum, jiki magayi ne, a saurare shi. Maganin barci kuwa ko na mura da ake sha don a samu a runtsa, kada a fara sai da likita. Sai ƙailula, ko ta minti ashirin ce bayan azahar, in yara sun tafi ko sun kwanta. Mutanenmu sun iya yabon mace da cewa ba ta zama, sun iya kiran mai kwanciyar rana da son jiki. A bar su su faɗa.

Ga waɗanda zuciyarsu ke raya musu cewa hutu ragwanci ne, akwai ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah ya yarda da su, wadda Bukhari ya ruwaito. Salmanu ya kai wa ɗan'uwansa ziyara ya tarar da matarsa ba ta cikin kwalliya, ta shaida masa mijinta ya juya wa duniya baya, azumi da rana, tsayuwa da dare. Salmanu ya ƙi cin abinci sai da mai gidan ya ci, da dare kuma duk ya yunƙura zai tashi salla sai ya mayar da shi ya kwanta, sai ƙarshen dare suka tashi tare. Ya tuna masa cewa bayan haƙƙin Ubangiji akwai haƙƙin kansa da na iyalinsa. Da maganar ta je wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. Wannan fa a kan nafilar dare ake magana, ina ga shafi na 73 na labarin miskili. Ko makarantar allo, da duk tsananinta, tana sakin almajirai Alhamis da Juma'a.

A reshenmu na ƙungiya mu kaɗan muka yi shawara a farkon shekarar nan muka gwada wani tsari. Ba mai fara sakin littafi sai yana da shafi goma sha biyar a ajiye. Saki sau uku a mako, Juma'a ba taifin ba amsa saƙo. Kowa yana da abokin dubawa da zai karanta shafi kafin ya fita, wanda hakan ya tilasta a gama shi kwana guda kafin ranarsa. Sha ɗaya na dare waya ta tafi caji a falo, ba a gefen filo ba. Masu goyo ba su iya riƙe ta ƙarshen nan kullum ba, jariri ba ya bin tsarin ƙungiya, sai suka mayar da rubutunsu hantsi lokacin da yake barcin safe. Ɗaya daga cikinmu da ke tsakiyar littafin kuɗi ta rubuta wa makarantanta sanarwa layi uku: daga wannan mako shafi zai riƙa zuwa Litinin da Laraba da Asabar da ƙarfe takwas na dare, wanda tsarin bai yi masa ba ya yi magana a mayar masa da kuɗinsa. An yi surutu kwana biyu, wata ma ta ce girman kai ne ya fara shigar ta. Mutum huɗu suka karɓi kuɗinsu. Ta gama littafin a shafi na 58, ƙasa da yadda ta tsara da farko, domin ta ce da ta samu barci sai ta ga wanka da jera kulolin ba su da aikin yi a ciki. Biyu daga cikin huɗun sun sake biya da ta fara na gaba.